Ma'anar Ɗauri a Waƙar Al-Aɗlal ta Ummu Kulsum

I

A watan Afrilu na 1966 Ummu Kulsum, mawaƙiyar Masar, ta fara rera wata ƙasida mai suna Al-Aɗlal a birnin Alƙahira. Ran Alhamis ta farkon wata ce da dare, kamar yadda ta saba, gidan rediyo kuwa yana watsa muryarta zuwa ƙasashen Larabawa. Tun daga wannan dare mutane ba su daina jayayya a kan abin da waƙar ta ke nufi ba. Waɗansu sun ce kukan masoyi ne wanda aka yaudara, ba ƙari. Waɗansu sun ce kukan talakawa ne a hannun mai mulki, aka lulluɓe shi da rigar soyayya saboda tsoron hukuma. Akwai kuma waɗanda ba su ji kome a cikinta ba sai wa'azin sallamawa ga ƙaddara.

Wannan jayayya ta cancanci mai nazarin waƙar Hausa ya tsaya a kanta, saboda dalili biyu. Na farko, tushen da waƙar ta tsiro daga gare shi ba baƙo ba ne a zaurukan malamanmu, inda a ke karanta waƙoƙin Jahiliyya da Burda. Na biyu, tambayar da waƙar ta tayar ita ce wadda mu ke karo da ita kullum a waƙoƙinmu na baka da rubutattu: idan mai waƙa ya nufi abu guda, masu sauraro suka ji wani abu dabam, wa ya ke da gaskiya? Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa a nan shi ne, masu fassarar soyayya da masu fassarar siyasa duk abu ɗaya suka ji, watau muryar ɗaurarren da ya ke son wanda ya ɗaure shi. Wanda ya gane wannan murya ya gane waƙar, ko da wane suna ya kira mai ɗaurin.

II

Bari mu fara da asalin baitocin. Wanda ya tsara su shi ne Ibrahim Naji, likita ne mutumin Alƙahira, an haife shi a 1898, ya rasu a 1953. Yana cikin manyan ƙungiyar mawaƙa ta Apollo wadda Ahmad Zaki Abu Shadi ya kafa a 1932. Mutanen wannan ƙungiya sun karanta mawaƙan Ingila da na Faransa, suka karkata ga waƙar da ta ke bayyana abin da ke cikin zuciyar mutum shi kaɗai, suka rage yabon sarakuna da waƙoƙin bukukuwa. Ke nan Naji ya rasu shekara 13 kafin a rera ƙasidarsa, ya kuma tsara ta tun kafin juyin mulkin 1952 wanda ya kawo Jamal Abdul Nasir. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi, don za mu komo kansa.

Ƙasidar Naji doguwa ce, ta haura baiti 100, a bisa baharin Ramal, an rarraba ta gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da tata ƙafiya. Ya gabatar da ita da ɗan gajeren bayani a zube, inda ya nuna labarin mutum biyu ne da suka so juna abin bai yi ƙarko ba, har su kansu suka zama kufan da a ke magana, ita ta wajen jiki, shi ta wajen ruhi. Saboda wannan bayani ne masu bincike suka daɗe suna neman ko wace ce matar. Fiye da mace ɗaya aka danganta wa waƙar bayan rasuwarsa, har da wata 'yar wasan kwaikwayo da ta ce saboda ita aka yi ta. Wannan bincike ba ya ƙara wa mai sauraro kome. Ko an gano sunan matar, ba zai bayyana dalilin da ya sa mutanen da ba su taɓa jin labarin Naji ba su ke zubar da hawaye in an rera waƙar.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne, abin da Ummu Kulsum ta rera ba shi ne duka abin da Naji ya rubuta ba. An tsamo kimanin baiti 30 kawai. Mafi yawansu daga Al-Aɗlal su ke, aka cuɗa su da waɗansu 'yan baitoci daga wata ƙasidar tasa dabam mai suna Al-Wada'i, watau ban kwana, aka sake musu jeri, aka kuma taɓa kalma nan da can. Riyad as-Sunbaɗi, wanda ya daɗe yana ɗora wa Ummu Kulsum karin manyan ƙasidu, shi ya ɗora mata kiɗa. A wajen wannan tankaɗe da rairaya ne duk abin da ya ke nuna wani mutum takamaimai ya zube. Bayanin gabatarwa ma ba a rera shi. Abin da ya saura murya ce kawai tana magana da wani wanda ba shi da suna, ba shi da gari. Harshen damon da ke cikin waƙar daga nan ya faro, kuma aikin masu zaɓen baitocin ne fiye da aikin mawallafin.

III

Kalmar aɗlal jam'i ce, ma'anarta sauran alamun da a kan gani a inda makiyaya suka taɓa yin zango suka tashi: murhun duwatsu, da toka, da ɗan ramin da a ke haƙawa kewaye da tanti don ruwan sama. Da Hausa sai mu ce kufai. Duk almajirin da ya kai ga karatun Shu'ara ya san yadda Imru'ul Ƙaisi ya buɗe mu'allaƙarsa da tsayar da abokan tafiyarsa a kufan masoyiya don su taya shi kuka. Ibnu Ƙutaiba, wanda ya rasu a 889, ya bayyana hikimar wannan al'ada. A ganinsa mawaƙi yana farawa da kufai da ambaton masoyiya ne don ya jawo zukatan masu sauraro, tun da ya ke babu mutumin da so bai taɓa shafa ba, in ya ga sun ba shi kunne sai ya wuce zuwa tafiyar hamada, sa'an nan ya isa ga ainihin bukatarsa. Watau tun fil azal kuka a kan kufai ƙofa ce da a ke bi a shiga wani ɗaki.

Malamanmu sun fi kowa sanin wannan. Ka'abu ɗan Zuhairu ya fara ƙasidarsa da rabuwa da Su'adu, alhali kuwa gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zo neman afuwa. Busiri ya fara Burda da hawayen tuna maƙwabta da suka yi nisa, duk mai karanta ta a ƙasar Hausa kuwa ya san inda begen ya dosa. Ita kanta kalmar bege a harshenmu ta ɗauki kaya biyu, domin a kan yi begen masoyi, a kan kuma yi begen Manzo, ba tare da an sake kalma ba. Saboda haka kunnen da ya tashi cikin wannan karatu, a Alƙahira ya ke ko a Sakkwato, in ya ji an fara da kufai, sai ya zuba ido yana jiran ɗakin da za a shiga. A waƙar Ummu Kulsum kuwa ba a shiga ɗakin kowa. An tsaya a ƙofa daga farko har ƙarshe. Wannan ya bar wa mai sauraro aikin ya cike gurbin da kansa, kowa kuwa da abin da ke damunsa ya ke cikewa.

Akwai wani bambanci kuma da Hausa ta fi saurin kamawa. Kufai wuri ne da mutanensa suka tashi suka bar shi, suna can wani wuri da ransu, mai nema yana iya bin sawun raƙumansu. Kango kuwa gini ne da ya rushe. Abin da baitocin farko na waƙar su ke siffantawa kango ne: dogon gini wanda mai shi ya gina da tunaninsa, ya faɗi. Mawaƙin Jahiliyya in ya gama kuka sai ya hau taguwarsa ya tafi, don kufan a waje ya ke. Mai wannan waƙa ba shi da inda za shi, tun da kangon a cikinsa ya ke, kuma shi ne maginin. Naji ya ƙara da kawo ƙoƙon sha a kan wannan kango. Abu Nuwas a zamanin Abbasiyawa ya yi wa masu kuka a kufai ba'a, ya fifita musu zaman shan giya. Naji ya haɗa abin da Abu Nuwas ya raba, ya mai da shan wani nau'i na zaman makoki. Giyar a nan siffa ce ta maye da tunani, kamar yadda mawaƙan Sufaye suka saba amfani da ita.

IV

In muka bi waƙar yadda a ke rera ta, za mu ga ba ta tafiya kamar labari mai farko da ƙarshe. Tana kai da komo ne tsakanin tunawa da farkawa. Mai magana ya fara da zuciyarsa, yana hana ta tambaya. A rubutun Naji an buɗe ne da nema wa soyayyar rahama kamar yadda a ke yi wa mamaci, a rerawa kuwa aka mai da shi hani ga zuciya. Sauyin ƙarami ne amma ya juya waƙar. Wanda ya yi wa abu addu'ar mamaci ya riga ya binne shi. Wanda ya ke hana zuciyarsa tambaya kuwa ya nuna zuciyar ba ta daina tambaya ba.

Daga nan sai ya juya ga masoyin. Ya tuna shi a matsayin mai ceto, wanda ya zo masa sa'ad da ya ke gab da halaka. Nan da nan kuma siffar ta sake, mai ceton ya zama mai iko wanda ya ke jan rai kafin ya ba da kyauta, ya ke zalunci don ya san ba mai hana shi. A nan ne a ke isa ga gunduwar da ta fi kowace shahara, inda mai magana ya ke neman a sake shi, yana kukan sarƙa ta ji masa rauni, yana cewa ya ba da duk abin da ya mallaka. Sunbaɗi, wanda ya buɗe waƙar a hankali cikin maƙamin Huzam, watau ɗaya daga cikin hanyoyin sautin kiɗan Larabawa mai ɗauke da baƙin ciki, ya ɗaga karin a wannan wuri har muryar ta kai ƙololuwa. A faya-fayan da aka ɗauka a gaban jama'a a nan ne ɗaki ya kan ruɗe da sowa, ita kuma ta maimaita, kowane maimaici da irin lanƙwasar da ta ke yi masa.

To, mai sauraron da ya tsaya a nan zai ɗauka waƙar tawaye ce. Amma a duba abin da ya biyo baya. Da kukan ɗauri ya lafa, mai magana bai tashi ya tafi ba. Sai ya koma yabon wanda ya ɗaure shi, yabo irin na sarauta: kwarjini, da kunya, da tafiyar ƙasaita. Bayan wannan aka kawo baitocin da aka aro daga Al-Wada'i, waɗanda su ne mafi farin ciki a duk waƙar, inda masoya biyu su ke wasa da dariya kamar yara a farin wata. Kiɗan ma a nan ya kan sake ya yi sauƙi. Sa'an nan gari ya waye, mayen ya sake su, kowa ya kama hanyarsa. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, wannan jeri kuwa haka ya ke aiki: an ajiye mafi daɗin tunawa bayan mafi zafin kuka, don a nuna kukan bai yanke kome ba.

Ko a cikin gunduwar ɗaurin kanta akwai abin da a kan yi saurin wucewa. Bayan neman saki, tambayoyin da suka biyo ba ga mai ɗaurin a ke yin su ba. Mai magana kansa ya ke tuhuma: don me ya ke riƙe da sarƙar, don me ya ke kiyaye alkawarin da ɗayan ya riga ya warware, me ya hana shi fita ga shi kuwa ƙofa a buɗe ta ke? Ashe mabuɗin yana hannunsa. Yana roƙon wani ya ba shi abin da shi kaɗai ke iya ba kansa, ya kuma san haka. Wannan shi ne zuciyar waƙar. So hana ganin laifi, in ji masu magana, amma abin da ke nan ya fi wannan ciwo, domin mai magana yana ganin laifin sarai, son kuwa bai ragu ba.

V

Sai tambayar wanda a ke wa magana. Namiji ya rubuta baitocin yana nufin mace, mace ta rera su. A al'adar waƙar Larabci a kan kira abin so da lafazin namiji ko da mace ce, saboda sakayawa. A gunduwar ɗauri kalmomin umurni duk da lafazin namiji su ke, haka kuma kiran masoyi. Saboda haka a bakin Naji lafazin al'ada ce kawai, a bakin Ummu Kulsum kuwa sai ya zama kamar da gaske mace ce ta ke magana da namiji mai iko a kanta. Macen da ke cikin auren da ya zame mata ƙaya tana iya jin kanta a ciki ba tare da an sake ko wasali ɗaya ba. Namijin da ke sauraro shi ma ba a kore shi ba, don ya san al'adar.

Wanda ya yi niyyar juya waƙar zuwa Hausa zai ga wuyar abin tun a baitocin farko. Hausa ba ta yarda a yi magana da mutum ba tare da an zaɓi ka ko ki ba, ba mu kuwa da al'adar kiran mace da ka. In ya ce ki, ya mai da ita waƙar saurayi da budurwa, fassarar siyasa ta mutu. In ya ce ka, ya mai da ita ko ta mace da mijinta ko ta talaka da sarki, Naji kuma ya fita. In ya nemi mafaka a ku na girmamawa, ya kawar da kusancin da ke tsakanin masoya. Abin da Larabci ya bari a rufe, dole Hausa ta buɗe shi. Wannan ya nuna mana wani kaso na harshen damon waƙar a cikin nahawun harshen ya ke zaune, ba ya kuwa bin ta zuwa wani harshe.

VI

Yanzu mu auna fassarar siyasa. Masu ita suna da hujjoji da ba a raina su. Masu sauraron Ummu Kulsum sun riga sun saba jin siyasa a ƙasidunta. Tun a shekarun 1940 ta rera ƙasidun addini na Ahmad Shauƙi, da karin Sunbaɗi, jama'a kuwa suka ɗauki wani baiti na cikinsu, wanda ke zuga mutum ya tashi ya nemi haƙƙinsa, suka mai da shi taken ƙin mulkin Ingilishi. Ga kuma lokacin da Al-Aɗlal ta fito. A 1965 gwamnatin Nasir ta kama 'yan ƙungiyar Ikhwan masu yawa, a watan Agusta na 1966 aka rataye Sayyid Ƙuɗub, kafin nan kuma 'yan gurguzu sun yi shekaru a tsare daga 1959 zuwa 1964. A ƙasar da gidaje da yawa su ke da ɗan'uwa a kurkuku, ba a ambaci sarƙa a wuyan hannu mutane su ji ta siffa kawai ba.

Sa'an nan yaƙin Yuni na 1967 ya zo. Cikin kwana shida Isra'ila ta karya rundunar Masar ta kama Sina'i. Waƙar da ta fara da dogon gini na mafarki wanda ya rushe, ta kuma yi maganar farkawa daga maye da wayewar gari mai ƙuna, sai ta zama kamar an tsara ta ne don wannan rana. A watan Nuwamba na wannan shekara Ummu Kulsum ta rera ta a zauren Olympia na birnin Faris, a farkon yawon da ta yi na tara wa ƙasarta kuɗi, wanda ya kai ta ƙasashen Larabawa da dama, har da Sudan a 1968. Ga Larabawan da suka cika wannan zaure, kangon ƙasa ce, ɗaurarren kuwa Masar ce ko Falasɗinu.

Amma in a ka ce waƙar habaici ce, to nan ne lissafin da muka ajiye ya ke aiki. Habaici a wurinmu sai da niyya: mai yi ya san wanda ya ke nufi, masu ji su ma sun sani, sunan kawai aka ɓoye. Naji ya rasu Nasir bai ko zama shugaban ƙasa ba, an kuma rera waƙar wata 14 kafin yaƙin. Ita Ummu Kulsum kuwa ba a san ta da adawa da Nasir ba, tana cikin manyan masu goyon bayansa, ta yi wa mulkinsa waƙoƙi a fili. Bayan wannan, fassarar tawaye tsantsa ba ta iya ɗaukar waƙar duka. Tana ɗaukar gunduwa ɗaya ta yar da sauran. Wane mai tawaye ne zai gama kukan sarƙa ya koma yabon tafiyar azzalumi, ya ƙare da cewa ba laifin kowa?

Sai dai tarihi ya ba da amsar wannan tambaya ta inda ba a zata ba. Ran 9 ga Yuni 1967 Nasir ya fito a rediyo da talabijin ya ɗauki alhakin abin da ya faru, ya ce ya sauka. A wannan dare da washegari jama'a suka cika titunan Alƙahira suna kuka suna roƙonsa kada ya tafi, ran 10 ga wata ya janye. Mutanen da aka yi wa alkawarin nasara aka kawo musu kunya, su ne suka fito suna riƙe rigar wanda ya yi alkawarin. Ga mai ceton da ya zama mai iko, ga alkawarin da aka warware, ga ƙofa a buɗe an ƙi fita. Ke nan fassarar siyasa ta yi daidai, amma ba ta hanyar da masu ita su ke zato ba. Waƙar ba ta faɗi abin da talakawa su ke tsoron faɗa wa hukuma ba. Ta faɗi abin da su ke jin kunyar faɗa wa kansu, watau suna son wanda ya cuce su. Naji ya siffanta wani irin ciwo daidai wa daida a kan mace guda, da ciwon ya kama al'umma sai siffar ta zauna mata kamar an gwada.

VII

Saura ƙarshen waƙar, wanda masu fassarar wa'azi su ke kafa hujja da shi. Bayan mai magana ya umurci kansa da ya koyi mantuwa, sai ya juya ga masoyin karo na ƙarshe da murya mai sanyi, ya mai da al'amarin duka ga hukuncin da aka riga aka rubuta. Ya bar ɗan zaton ko wata rana a sake haɗuwa, ya kuma yarda mai yiwuwa ne in an haɗu a wuce juna kamar ba a taɓa sani ba. Ummu Kulsum 'yar limamin ƙauye ce, da karatun Alƙur'ani da yabon Annabi ta fara tun tana yarinya, kuma yadda ta ke fitar da haruffa a wannan wuri ya kan sa mai ji ya tuna da masu tilawa. Ba abin mamaki ba ne Musulmi ya ji tawakkali a nan.

Duk da haka ya kamata a yi hattara. Tawakkali na gaskiya ya kan kawo natsuwa, mai shi ya sauke kaya. A nan kuwa ambaton ƙaddara wani aiki ya ke yi: yana wanke masoyin. Wanda aka kira azzalumi a tsakiyar waƙa, aka ce ya warware alkawari, a ƙarshe an sallame shi ba tare da ya nemi gafara ba, an ɗora laifin a inda ba mai iya kai ƙara. Mai magana ya gwammace ya ce rabo ne da ya ce an yaudare shi, domin in ya amsa an yaudare shi to ginin tun asali banza ne, shekarun da ya ba da kuma sun tafi a iska. Saboda haka ƙarshen bai kwance ɗaurin ba, ya dai sake masa suna. Umurnin mantuwa ma shaida ne a kan mai yinsa, don wanda ya manta ba ya bukatar a koya masa, waƙar kuwa da kanta kusan sa'a guda ce ta tunawa.

VIII

Abin da mai nazarin waƙoƙinmu zai ɗauka daga nan ƙa'ida ce ta aiki. In waƙa ta karɓi fassara fiye da ɗaya, ba a raba gardama da tambayar abin da mawaƙi ya nufa kaɗai, domin mun ga baitocin nan sun bi ta hannun mawallafi, da masu zaɓe, da mai kiɗa, da mai rerawa, kowa ya bar sawunsa, sa'an nan zamani ya zo ya ƙara nasa. Ba a kuma cewa kowace fassara daidai ce don wani ya ji ta haka. A kan ɗauki fassarar ne a bi da ita waƙar daga farko har ƙarshe, a ga inda ta ke tafiya da inda ta ke tuntuɓe. Fassarar tawaye ta yi tuntuɓe a wajen yabo, ta wa'azi ta yi tuntuɓe a wajen sarƙa, neman sunan matar kuwa bai ko shiga cikin waƙar ba. Wadda ta kai gaci ita ce ta ɗaurarren da ke riƙe da mabuɗinsa, ita ce kuma ta bayyana dalilin da ya sa sauran suka samu wurin zama.

Nasir ya rasu a 1970, Ummu Kulsum a watan Fabrairu na 1975, Sunbaɗi a 1981. Mafi yawan masu sauraron Al-Aɗlal a yau ba a haife su ba sa'ad da aka yi yaƙin 1967, da yawansu kuma ba su san sunan Naji ba. Har yanzu in an iso gunduwar ɗauri a kan ga mutum ya yi shiru ya sunkuyar da kai, wanda ke zaune kusa da shi kuwa ba ya iya sanin ko wa ya tuna.